Sabon Uban Noniyus

"Maimaita, Baba! Maimaita Inna Tartiya ta ji da kunnenta!"

Tartiya, maƙwabciyarsu mai soya kifi a ƙasan bene, ta tsaya bakin ƙofa tana haki. Tsoho Noniyus na kwance, ƙirjinsa sai gurnani yake, ɗansa Galus kuwa ya tsaya masa a ka kamar zai shaƙe shi.

"Na ce an ɗauke ni ɗa," in ji tsohon. "Ina da sabon Uba."

Tartiya ta ja tsaki. Ita dama ba ta ƙaunar tsohon nan ko kaɗan, shekara da shekaru yana watso mata ruwan wanki ta taga. Da ya shiga mutanen Almasihu kuma, wai kowa ɗan'uwansa ne! Amma maganar yau ta wuce wasa. Duk Roma an san in magidanci ya yarda wani ya ɗauke shi ɗa, sunan gidansa ya mutu, allolin gidan sun zama marayu, 'ya'yansa ma sun koma hannun wancan.

"Wato har ni ka miƙa?" Galus ya daka tsawa. "A gaban wane alƙali? Su wa suka shaida? Ina mutumin, in gan shi!"

"Ba a ganinsa, ɗana. Shi ya fanshe ni."

"Fansa! Bawa ne kai? Uban da ya haife ka, a fagen yaƙi ya mutu, kai kana mai da kanka kayan kasuwa!"

Numfashin tsohon ya fara sarƙewa. Tartiya ta san wannan ƙara, ta taɓa jin ta a maƙogwaron mijinta ranar da ya rasu. A al'adar Roma, yanzu ne ɗa ke sa bakinsa a na uba ya karɓi numfashin ƙarshe, kada ya fita ba mai tarbarsa.

"Kai Galus, sunkuya, lokaci ya yi. Kansa ya taɓu, na sani, amma shi ya haife ka."

"Sabon Uban nasa ya zo ya karɓa."

"Ɗan banza, sunkuya na ce!"

Galus ya juya ya fuskanci bango. Tsohon ya ɗan ɗaga haɓa, ya buɗe baki, idonsa a kan ƙeyar ɗansa. Ya jira iya ƙarfinsa. Sai ƙirjin ya sauka, bai sake tashi ba.

Haushin uban da na ɗan ya turnuƙe Tartiya har hawaye suka zubo mata. Ta goge man kifi a jikin rigarta, ta shafe wa tsohon idanu. Bakin ne ya ƙi rufuwa, sai da ta yagi gefen mayafinta ta ɗaure masa haɓa.