Jar Dawa a Ƙwaryar Shitu

Sau uku Muntaka yana maimaita lissafin nan, kuma duk sau ukun mutum shida suna ɓace masa.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani ƙaramin asibiti a Karaye. A daminar 1994 wani likita daga Kano ya ɗora masa aikin ɗibar jinin mutanen ƙauyuka, don a san yawan sikila, ciwon da tsofaffi ke kira amosanin jini. Ya sha baƙar wahala a kan tsohon babur ɗinsa, har aka yi ta yaɗa cewa sayar da jinin yake yi. Yau ga sakamakon ƙauyensu, Ruwan Bago, a gabansa. Cikin manya ɗari huɗu, ɗari uku jininsu AA ne, ɗari kuma AS, wato lafiyarsu lau amma suna ɗauke da irin ciwon.

Lissafin ba wani mai wuya ba ne. Kowa iri biyu yake gada, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mutum ɗari huɗu, iri ɗari takwas ke nan, ɗari daga ciki na sikila, wato ɗaya cikin takwas. Kafin irin uba da na uwa su dace duk na sikila, sai sau ɗaya cikin sittin da huɗu. Don haka ya kamata a sami masu SS, masu ciwon sosai, kamar mutum shida. Shi kuwa bai sami ko ɗaya ba.

Can sai ya gane. Ba alƙalaminsa ne ya yi kuskure ba. An haifi mutanen nan shida, an yanka musu rago, an raɗa musu suna, girma ne kawai ba su yi ba. Suna makabartar bayan gari, ɓangaren ƙananan kaburbura, inda 'ya'yan ƙanwarsa Sauda biyu ke kwance.

Ya jawo takardar da ya keɓe. Sauda AS ce, 'yarta ta goye kuma SS. A aljihunsa akwai saƙon Baffa Maikuɗi, wan mahaifinsu kuma surukin Sauda, cewa ya zo ranar Juma'a ya ɗauki ƙanwarsa.

*

Auren Sauda da Shitu ɗan Baffa auren zumunci ne, kuma suna son juna, kowa ya sani. Amma ta haifi biyu, duk sun koma kafin yaye, da kumburarrun hannuwa da kukan da ba ya jin lallashi. Sai gari ya yanke hukunci cewa wabi take yi, wai ɗa guda ne ke mutuwa yana dawowa. Da ta haifi ta uku aka raɗa mata Lauratu, amma tsofaffin gidan suka kai jaririyar kan juji suka ajiye, suka sake ɗaukowa, wanzami ya tsaga mata kunne, aka koma kiranta Ajuji, wai don mutuwa ta raina ta ta wuce. Yanzu hannuwan Ajuji ma sun fara kumbura, kuma haƙurin Baffa ya ƙare.

Bayan an sauko daga masallaci Muntaka ya durƙusa a zaure.

"Baffa, barka da Juma'a. Mun same ku lafiya? Ya damina?"

"Lafiya lau, likita bokan Turai. Ka gama shanye jinin garin?"

Muntaka ya yi murmushin dole. Shitu na rakuɓe a gefe kansa a ƙasa, Sauda kuma na bayan ƙofa da goyo. Ya san in ya fara karanto AA da AS, Baffa zai kama gyangyaɗi, don haka ya roƙi a kawo masa ƙwarya biyu da dawa, fara da ja. Ya zuba rabi fara rabi ja a kowace ƙwarya, ya gauraya.

"Wannan jinin Sauda ne, wannan na Shitu. Jar ita ce irin ciwon. Baffa, don Allah rufe ido ka ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace."

Tsohon ya yi tsaki, amma son ganin ƙwaƙwaf ya sa ya miƙa hannu. Fara da ja.

"Wannan ɗa lafiyarsa ƙalau, kamar iyayensa. Sake."

Fara da fara. Aka sake, ja da fara. Na huɗu ma haka. A na biyar sai ga ja biyu a tafin hannun Baffa.

"Wannan ita ce Ajuji," in ji Muntaka. "Ba aljani ba ne, ba ɗa guda ne ke tafiya yana dawowa ba. Kuma ka gani da idonka, ƙwarya ɗaya ba ta ba da ja biyu. Sai an haɗu, kuma kamar sau ɗaya cikin huɗu hakan ke faruwa."

"Kai, yaro! Shitu bai ba ka jininsa ba, ni na hana."

"Ba sai na soka masa allura ba, Baffa. Jinin 'yarsa ya riga ya faɗa."

"To in ɗaya cikin huɗu ne, ya aka yi ta jera uku?"

"Kowane ciki sabon ɗiba ne. Wanda ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Na huɗu zai iya zuwa lafiya. Ita ma Ajuji akwai asibitinsu a Kano, in ana kare ta daga zazzaɓi da sanyi, da yardar Allah za ta girma."

Muntaka ya ga leɓen Baffa na motsi, ya san abin da yake ƙirgawa, domin shi ma Baffan ya binne uku a ƙuruciyarsa, ya kuma sallami matarsa ta fari a kan wannan magana ta wabi. Ashe gardamar ta wuce ta Sauda. In tsohon ya yarda yau, to ya yarda ke nan cewa ya zalunci wata baiwar Allah shekara talatin da suka wuce.

"Wato jinin gidana ne mai cuta?"

"Jinin Sauda ma ai na gidanka ne, Baffa. 'Yar ƙaninka ce."

"Daga dangin uwarku ta kwaso!"

Baffa ya jawo ƙwaryar Shitu gabansa. A natse, kamar mai gyaran iri kafin shuka, ya dinga tsince jar dawar yana watsa wa kaji a bakin zaure, har ƙwaryar ta koma fara tas. Ya tura ta gaban Muntaka.

"Ga jinin ɗana nan. Shitu, ba ta takardarta."

Shitu bai ɗaga kai ba. Ya zaro takardar sakin daga aljihu, ya miƙa wa Sauda. Haushi ya turnuƙe Muntaka, don ya taho da gaskiya a fili kuma kaji na cinye ta a gabansa.

*

Sauda ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta gyara goyo, ta hau bayan babur.

"Yaya, asibitin nan na Kano, wace rana suke ganin yara?"

"Talata."

"To Talata za mu. Kuma in za a yanka mata kati, Lauratu za a rubuta. Ni ban haifi abin zubarwa a juji ba."

Sun kai wajen tsamiyar bakin gari sai suka ji ana kira. Shitu ne a guje, ba ko hula. Muntaka ya taka birki.

Shitu ya tsaya yana haki. Ya dubi 'yarsa, ya shafa tsagaggen kunnenta da yatsa. Sannan ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayar jar dawa ce guda ɗaya, wadda ya tsince kafin kaji su kai gare ta.

"Muntaka, tsakaninka da Allah, wannan tawa ce?"

"Taka ce, Shitu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sauda ta zuba masa ido tana jiran kalma ɗaya ta mayar da ita ɗakinta, wadda shi kaɗai ke da ikon furtawa. Ya buɗe baki, sai kuma ya waiwaya ya dubi rufin zauren ubansa. Ya jefa ƙwayar a aljihun da takardar sakin ta fito, ya juya ya nufi gida.

Sauda ta ƙara tamke majanyi.

"Mu je, Yaya," ta ce. "Hadari na haɗowa, kar sanyi ya kama Lauratu."