Masu Gadin Cikin Issaka

Issaka ya sake danna saƙon, ya kara wayar a kunne, motar haya ta trotro na jijjiga shi a hanyar Maamobi. Muryar Latifatu ce, 'yarsa ta fari, wadda shekara shida ke nan tana Kanada tana binciken ciwon daji. Ta aiko wa uwarta Lariba saƙon ne tun wata uku da suka wuce. Shi ne ya ce a tura masa, wai don ya ji ko yarinyar ta manta Hausa.

"Mma, kin ce in gaya miki aikina. A jini akwai wasu ƙwayoyi, aikinsu gadi. In daji ya kama hanji sai ya juya musu kai. Su ne za su tare sojojin jiki a ƙofa, su ce lafiya lau, ku koma. Shi kuwa yana ciki yana girma."

Shekara talatin Issaka ya yi gadi a gidajen unguwar Kanda, ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ranar da ya fara jin saƙon tsaki ya ja, ya ce waɗannan ba masu gadi ba ne, munafukai ne. Amma bai goge ba. Yakan saurara a ɓoye, don dariyar da take yi a ƙarshe.

Yau a asibiti Dokta Saaka ya maimaita masa kusan kalmomin nan, da hoton cikinsa a hannu.

"Baba, wannan ba kooko ba ne, wato ba basir ba ne. Shekara guda kana ganin jini kana shan maganin basir na cikin mota? Abin ya taɓa hanta. Jikinka bai yi faɗa ba, an sa shi ya yi shiru. Za mu fara magani, amma wanda kake so ya gan ka, kira shi yanzu."

Wadda yake so ya gani ɗaya ce, kuma bai taɓa kiran sunanta ba. Haka ya gada. Mahaifinsa, jikan sojan da aka kawo daga Kano, ya mutu bai ambaci sunan ɗansa na fari ba. Issaka ma "waccan" yake cewa. Ranar da ta tafi bai raka ta ba, ya tsaya a bakin get ɗin aikinsa yana bin kowane jirgi da ido har wuyansa ya ƙage. Kewarta na cinsa, ya fi ciwon zafi, amma kunya ta ɗaure masa baki. Da jinin ya fara, Lariba ya ja wa kunne: kada waccan ta ji, karatu take.

Ya tarar da Lariba a ƙofar gida tana kankare tukunyar waakye, shinkafa da wake. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye cokali.

"Maigida, mi dokta ya ce?"

Kafin ya buɗe baki wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta dube shi, ta ɗauka.

"Latifa! Ei, muna nan. Babanki? Lafiya lau, wallahi. Ke dai ki yi aikinki."

Issaka ya zauna a kan benci a hankali. Sau nawa ya ji matarsa ta faɗi haka, yana gyaɗa kai yana jin daɗi? Shi ya kafa ta a ƙofar, shi ya koya mata abin da za ta ce.

Da ta kashe wayar, ya ciro tasa. Ya nemo lambar da bai taɓa kira ba, ya danna wurin ɗaukar murya. Ya shirya magana mai tsawo, ta likita da hanta da haƙuri. Amma kalma ɗaya ce kawai ta fito.

"Latifatu," ya ce.

Yatsansa ya saki, saƙon ya tafi haka nan. Lariba ta toshe baki da gefen zaninta.

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara a hannunsa. Latifatu ce, ko sallama ba ta yi ba.

"Baba," ta ce, "wane asibiti?"