Ƙafar Birki

...kuma wai allurai. Haka likitar ta ce, allurai ƙanana waɗanda ido ba ya gani, sun taru a gaɓar babban yatsana na dama. To ta ina suka shiga? Abin da nake son sani ke nan, Kawu. Ban taka komai ba, ban yi tuntuɓe ba. Na kwanta lafiyata ƙalau, gari ya waye da yatsa ja wur, yana sheƙi, ko zanin gado ya shafe shi sai na saki ƙara. Ni da furfurata!

Kwana uku ke nan. Ga ni a kujerar direba, ƙarfe bakwai ta kusa, mota na ta lodi. Takalmin dama yana ƙarƙashin kujera, ƙafar kuma na lulluɓe ta da tsumman goge gilashi saboda masu leƙe. Mai lodi ya wuce sau biyu yana kallona. Ya ce, Ba-tsayawa, yau ba ka sauko ka sha shayi ba? Na ce na sha a gida. Ƙarya nake, ko bakin ƙofar mota ba na son takawa ya ga yadda nake ɗingishi.

Wannan ne karo na uku cikin shekara. Na farko na ce zazzaɓi ne. Na biyu na ce rasuwa aka yi mana. A ranar shugaban tasha ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce in ka gaji ka faɗa, akwai masu jini a jika suna jiran layi. Ka san wannan murmushin. Direban da ya sauka daga kujera sau uku, a na ukun ba ya komawa. Shekara ashirin da bakwai a kan hanyar nan, yatsa ɗaya ya sauke ni? Haba!

Gawut, in ji likitar. Sunan ciwon ke nan. Abin da ke haddasa shi kuma yurik asid — na sa ta maimaita har sau uku, ta yi dariya ta rubuta mini a bayan katin asibiti. Wai jiki in ya narka abinci, kai har da tsofaffin kayan jikin kansa, akwai dattin da ke saura. Ƙoda ce ke tace shi ta zubar ta fitsari. In dattin ya yi yawa, ko ƙodar ta yi sanyin aiki, sai ya yi ta yawo cikin jini, yana yawo, yana yawo... har ya samu inda zai kwanta ya daskare. Kamar sukari a gindin kofi in an zuba ya wuce kima. Na ce to me ya sa yatsan ƙafa, duk faɗin jikin nan? Ta ce can ne nesa, can ne ya fi sanyi, a sanyi ya fi saurin daskarewa. Ikon Allah. Ashe jiki ma yana da kujerar baya.

Wata mata tana faɗa da mai lodi a kan buhunta. A sa a sama, a'a a sa a ƙasa. Ku yi ta yi, ku ja mini lokaci.

Likitar ta tambaye ni kofi nawa na ruwa nake sha a wuni. Kofi? Kawu, kai ka koya mini. Ranar farko da ka ɗora ni a kan doguwar hanya na ɗauko gorar ruwa, ka fizge ta ka jefa baya. Ka ce direban da ke shan ruwa direban tsaye-tsaye ne, fasinja ba sa son shi. Na riƙe maganar nan kamar karatu. Awa shida, awa bakwai, maƙogwaro a bushe, tsayawa ɗaya tal a tsakiyar hanya. Da haka na samu sunan. Ba-tsayawa! Har alfahari nake, in na ji fasinja na cewa ku shiga motarsa, shi ba ya ɓata lokaci. Fitsarina kuwa kamar shayin da aka manta a wuta, ban taɓa cewa komai ba, na ɗauka haka na maza yake.

Abin haushin... kullum da safe ni ke buɗe gaban motar nan in duba ruwan lagireto. Kullum. Ko rabin kofi ya ragu sai na cika. Ƙarfe nake shayarwa, ni ina zaune da ƙishi.

Sannan tsayawar tsakiyar hanyar. Mai gashin naman nan da ke hango ni tun daga kwana ya fara yanka. Hanta, ƙoda, kayan ciki, a barbaɗa yaji. Lemon kwalba biyu masu sanyi, don ai lemo ba ruwa ba ne, jiƙa maƙoshi ne kawai — haka na yi wa kaina fatawa. Likita tana lissafo abubuwan da ke ƙara wannan datti, ni ina jin kamar ta taɓa bin motata. Hanta, ta ce. Ƙoda. Jan nama kullum. Kifin gwangwani. Lemo mai zaƙi, wai sukarin cikinsa ma yana tunzura abin. Barasa — na ce nan kam kin yi kuskure, ban taɓa ba. Ta ce to alhamdu lillahi, ɗaya ta fita. Ɗaya cikin shida! Shekara da shekaru ina cin ƙodar dabbobi, ban taɓa tambayar lafiyar tawa ba.

Amma tsaya. Dogo ma, direba ɗan'uwana, tare muke ci, shi faranti biyu yake tashi da shi, ga shi can yana tsalle daga kan mota kamar ɗan akuya. Me ya sa ni? Na tambaye ta, don ni ba na barin tambaya a ciki. Ta ce ba abinci ne kaɗai ba, akwai gado, wasu ƙodarsu haka take, ba ta saurin zubarwa. Akwai wani a danginku?

Na ce babu.

Sai a hanyar gida... Kawu. Takalminka na dama da ka yanke wa baki da reza. Ka ce mana jak ɗin ɗaga mota ne ya taɓa faɗo maka. Wane irin jak ne ke faɗowa duk bayan wata huɗu? Da ƙulle-ƙullen nan farare a gefen kunnenka, da yatsun hannunka da suka karkace a ƙarshe har ba ka iya riƙe cokali. Inna tana cewa sanyi ne, maƙwabta suna cewa hannu aka sa maka. Ka sha jiƙe-jiƙe har ka koma ga Allah, ba wanda ya ce maka sha ruwa. Ban sani ba ko shi ne, ni ba likita ba ne. Amma ƙanen uwata ne kai, jini ɗaya. Ina ma kana nan in nuna maka katin nan mu yi ta mamaki tare. Tausayinka nake ji, kuma ina jin haushinka, duka biyun.

Uwar yara ta ɗauki abin da zafi. Ga jarkar ruwa ta cusa mini a gefen kujera, ga wani ƙunshi — dafaffen ƙwai, kokwamba, madara marar maiƙo. Abincin marasa lafiya. Wai tumbin nan ma sai ya sauka, amma a hankali, likita ta ce rama ta gaggawa ma tana tayar da ciwon. Kai, wannan ciwo da tsirfa yake! Ka ci ya tashi, ka ƙi ci ya tashi. Ga magani iri biyu, ɗaya na kashe wutar yanzu, ɗaya kuma wanda za a ɗora ni a kai in riƙa sha kullum ko ba na jin komai. Nama ba a hana ni ba ɗungurungum, a rage ne. Duk wannan zan iya. Ruwa ma zan sha, in tsaya sau uku, su canza mini suna in sun ga dama.

Abu ɗaya ne. Likita ta ce ka huta da ƙafar nan sai kumburin ya saɓe. Uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa da safe, ba ta ce kada ka je ba, ta dai ce, da wace ƙafa za ka taka birki? Na ce da wadda na saba.

Mota ta cika. Ina ganinsu a madubi, goma sha takwas. Wata tsohuwa a bayana ta fara addu'ar tafiya, mai buhu ta daina faɗa, wani yana gyara wa jaririya hula. Mai lodi ya rufe ƙofa ya buga jikin mota sau biyu.

Bari in gwada tukuna. Zafi ai ba baƙona ba ne, na yi tuƙi da haƙori mai ciwo, na yi da zazzaɓi. Cije baki ne kawai. Na janye tsumman. Ƙafa a kan birki, a hankali... to, ana iya jurewa. Da dunduniya fa? Tana zamewa. Da gefen ƙafa? Yana kamawa, amma rabi. Yanzu da ƙarfi, kamar a gangaren nan mai kwana, kamar wani ya faɗo titi —

Wayyo Allah!

Ta ɗaga. Ƙafar ta ɗaga da kanta. Ban ce ta ɗaga ba, na rantse ban ce ba, ni cewa na yi taka. Kafin zafin ma ya iso kaina ta riga ta bar birkin. Yaya aka yi haka? Wa ya ba ta umarni? Sake... Ta sake ɗagawa. Ashe ba maganar jurewa ba ce. Ni zan iya jurewa, ita ce ba ta shawara da ni.

Shugaban tasha ya fito daga rumfarsa yana duba agogo. Dogo yana jingine da bango, ba shi da lodi yau, yana kallon motata. Tsohuwa ta shafa addu'arta, duk suka ce amin.

Direba, mu je mana, in ji wani daga baya.

Makulli na hannuna. Goma sha takwas... da jaririyar, sha tara.