Hannun Maƙeri

Auta ta shigo ɗakin marasa lafiya da kwandon kaya, ta tarar an ɗaure hannun babanta na dama a jikin ƙarfen gado. Farin bandeji ne, an yi masa ƙulli mai kyau kamar kyauta. Hannun nan kaɗai ya rage wa tsohon tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma da shi ya yi ƙira har ya aurar da ƴaƴansa duka.

Baba bai dube ta ba. Bango ya zuba wa ido, kunya ta hana shi ko tari.

"Wa ya yi wannan?" Auta ta tambaya.

Nas ɗin da ke aiki a ɗakin ta matso, ta faɗi sunan abin da Turanci, wata kalma mai santsi a baki. "Tsare shi kawai muke yi, ƙanwata. Yana fizge robar abincin da ke hancinsa, mayar da ita kuwa azaba ce."

"Ku kira shi yadda kuke so. A gidanmu akuya ake yi wa haka."

"To ke za ki riƙe shi? Ni kaɗai ce a kan gadajen nan duka."

Gaskiya nas ta faɗa, Auta ma ta sani. Amma ran Auta ya riga ya ɓaci, kuma kunnen ƙashin gidansu gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta ja kujera, ta kama hannun da hannuwanta biyu.

Ashe ciwo bai ci ƙarfin maƙeri ba. Ya murɗa, ya ja, har yatsunta suka yi tsami. Wayarta ta yi ta ruri a jaka, mai shagon ɗinkin da take wa aiki ne ke nemanta, babu hannun ɗauka. Da yayanta ya zo ya ga abin, sai ya dafe kai.

"Auta, kin fi likitoci sani ne? Bari a mayar masa."

"Yaya, in kai aka ɗaure zan bari."

Can Baba ya juyo. Da ƙyar harshensa ya ɗauko maganar. "Sake ni."

Nan ta ji tsoro sosai. Ta iya yi wa nas tsaye, ta iya yi wa Yaya, amma ba ta taɓa ce wa mutumin nan a'a ba. Ta sassauta yatsunta.

Ko numfashi bai ja ba ya kai hannu ya zare robar, ya jefar a ƙasa.

"Kin gani ko!" in ji Yaya.

Ta gani. Ta kuma tsaya ta ga yadda aka mayar da robar, tsohon yana kakari, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ita ta jawo masa wannan, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Nas ta gama, ta ɗauko sabon bandeji. Auta ta shiga tsakaninta da gadon.

"Laifina ne, na yarda. Amma ba za a ɗaure shi ba. Yaya, ka je ka gaya wa mai shago ya ba wata keken ɗinkina."

Kafin nas ta amsa, sai Baba ya ɗaga hannun, ya wuce gaban hancinsa, ya ɗora shi a cinyar Auta.

"Riƙe da kyau," ya ce. "Zan sake ja."