Sama ko Ƙasa

"Ƙasa," in ji Tela, da ɗan abin da ya rage mata na murya.

Mai wanki ta danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Fuskar wayar ta yi ja, ta saki wata ƙara mai kama da tsaki.

"Kin ji ko, Yaya? Har waya ta fara yi miki tsaki."

"Uwarta ta yi wa," in ji Tela. Ta yi dariyar da ba ta da sauti, tari ya biyo baya. Mai wanki ta ajiye wayar, ta tallabo ta, ta riƙe mata kwano har ya lafa.

Shekara da shekaru ƙofofinsu na kallon juna. Tun da aka yi wa Tela aiki a maƙogwaro muryarta ta tafi, sai raɗa. Daga baya likita ya ce ciwon ya bazu, aka sallamo ta gida. An lulluɓe keken ɗinkinta da tsohon zane, kwalaben magani sun jeru a kai.

Mutuwar ba ta dame ta kamar wata 'yar waƙar raino ba. Waƙa ce marar kalmomi, da hanci ake yin ta. Uwarta ta yi mata, ita ma ta yi wa 'yarta tilo. 'Yar tana aure a nesa, ga tsohon ciki, an hana ta doguwar tafiya. Wata rana ta bugo waya ta ce, "Mama, waƙar nan ta ɓace mini. Ki yi mini in ji, kafin in haihu." Tela ta buɗe baki, iska kawai ta fito.

'Yar ce ta turo mata wani shafi na koyon kiɗa a intanet, inda ake horar da kunne. Za a buga sauti biyu, ka faɗi ko na biyun ya hau ko ya sauka. In kunne ya goge, akwai maɓallan kiɗa a fuskar wayar, sai ta lalubo sautukan waƙar ɗaya bayan ɗaya ta tura wa 'yar. Amma hannun Tela ya kumbura, rawa yake yi. Shi ya sa kullum da hantsi mai wanki take shanya, ta goge hannu a zane, ta shigo ta zama mai dannawa. Karatunta bai yi nisa ba, amma kibiya ba ta neman karatu.

Tela ta fara cin darussa, jan ya ragu. Sai dai ciwon jikinta ya fi kunnenta sauri. Ita kuwa mai wanki, ba ta ankara ba ta fara jin hawa da sauka a ɗigar famfo, da kukan ƙofar banɗaki.

Wata safiya Tela ta ture wayar da bayan hannu.

"Ajiye wannan, ƙanwata. Ba zan kai maɓallan nan ba."

"Haba Yaya, daina faɗa."

"Ke za ki zama wayar."

"Ni? Muryar da ko kaji suka ji sai sun watse?"

"Rufe baki, ki yi da hanci."

Mai wanki ta yi. Tela ta ɗaga ɗan yatsa sama, ta hau. Ta nuna ƙasa kaɗan, ta sauko. Da ta dace, Tela ta buɗe tafin hannu a kan bargo. Suka kama sautin farko na waƙar, suka nemi na biyu.

Haka suka riƙa yi. Wata rana su samu sauti uku, wata rana ko ɗaya babu, Tela na barcin magani. Kayan mutane suka riƙa kwana a jiƙo. Matar mai shago ta zo har ƙofa tana faɗa a kan zannuwanta, mai wanki ta ba ta haƙuri tana maimaita waƙar a zuci, don kada ta zube.

Ranar ƙarshe rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙafafun Tela. Ko raɗar ba ta iya yi. Mai wanki ta ɗauko waƙar daga farko, tafin hannu yana buɗewa a hankali, har suka zo inda suka tsaya jiya. Ta ja sautin, idonta a kan yatsan. Ya ɗan taso daga bargo yana rawa. Ta hau, hannu bai buɗe ba. Ta sauko, bai buɗe ba.

"Yaya, sama ko ƙasa?"

Yatsan ya koma ya kwanta. Mai wanki ta ci gaba da jan sautin har numfashinta ya ƙare. Sannan ta yi salati, ta rufe mata ido.

Sai bayan an yi makonni 'yar ta iso, da jaririya a kafaɗa. Ta zauna a bakin gadon da aka naɗe katifarsa. Mai wanki ta karɓi jaririyar, ta rufe baki, ta fara.

'Yar ta dafe ƙirji. "Ita ce, Inna. Wallahi ita ce."

Waƙar ta tafi ta tafi, ta zo wurin nan, ta tsaya.

"Daga nan fa?"

"Nan muka kai. Ke ba ki tuna ba?"

'Yar ta girgiza kai, hawaye na zuba mata a wuya. "Kullum kafin a zo nan na yi barci."

Jaririyar ba ta yi barci ba. Idonta biyu, ta zaro hannu ɗaya daga cikin tawul, tana kallon bakin mai wanki. Mai wanki ta gyara mata riƙo, ta koma farko.