Ɗumin Malam Elisha

"Bar fifita kunun nan, Hajiya," in ji Malam Elisha daga kan gado. "Zai huce da kansa. Wannan aikin duniya ba ta taɓa yin kasala a kansa ba."

Hajiya Furera ta ajiye ludayin. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninsu a Ƙofar Marusa, tuwon salla na tsallakawa can, shinkafar Kirsimeti na tsallakowa nan, amma har yau ba ta saba da zancen tsohon malamin kimiyyar nan ba. Mutum rai a hannun Allah, bai fasa ba da darasi ba!

Matarsa Asabe ta leƙo da waya a hannu. 'Yarsu Deborah ta taso daga Kafanchan tun da safe, ita kaɗai yake jira.

"Sun wuce Kankiya," in ji Asabe.

Ya lumshe ido, ya buɗe. "Hajiya, kin taɓa ganin kunu ya huce, sannan ya koma da zafi don kansa?"

"Ina hwa, Malam? Sai dai a maida shi wuta."

"To, lissafin da na koyar shekara talatin bai hana ba. A takarda gaba da baya duk ɗaya ne. Amma kunu ya san inda gobe take, can kawai yake tafiya." Ya ja numfashi. "Kuma zafin ba ɓacewa yake yi ba. Watsuwa yake cikin ɗaki, ya shiga bango, ya shiga mu."

Tsigar jikin Furera ta tashi. Ta dubi tururin da ke tashi daga kwano kamar yau ta fara ganinsa, ta ce a hankali, "Ikon Allah."

Ana kiran la'asar ya cika.

Asabe ta durƙushe tana kuka. Furera ma hawaye take, amma ta miƙe ta kashe fanka, ta rufe taga a cikin wannan zafi na bazara, ta jawo bargo ta lulluɓe shi har wuya. Matan coci da suka fara shigowa suka tsaya suna kallonta.

"Ku yi haƙuri, kar wadda ta buɗe tagar nan," ta ce. "Ɗiyarshi na hanya."

Da Deborah ta faɗo ɗakin, jaka a kafaɗa, fuskar uwarta kawai ta gani ta gane.

"Mama, ban same shi ba?"

Furera ta matso kusa da Deborah. Ta kama hannunta, ta ɗaga gefen bargon, ta ɗora shi a ƙirjin mahaifinta.

Da sauran ɗumi. Deborah ta bar hannunta a wurin, ba wanda ya motsa. A kan kujera kwanon kunu ya daina tururi.