Taron Asabar a Ƙauyen Magina Dam

Merv Triffitt yana cikin jera kujeru a zauren taron ƙauye sai ga wata tsohuwa ta turo ƙofa da kafaɗa, kwali a rungume, ruwan sama na ɗiga daga hularta. Ba sai an gaya masa ba. Glenys Direen ce, tsohuwar malamar makaranta daga birnin Hobart, wadda ta shafe shekara hamsin tana fafutukar a janye ruwan dam a dawo da tafkin Pedder, wanda ruwan dam ɗin ya shanye, yadda yake a da.

"Ina sauran mutanenki?" Merv ya tambaye ta.

"Ɗaya gwiwa ta hana shi, ɗayan kuma matarsa. Wai a garin nan cin mutane kuke yi."

"Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ke kin yi tauri, ba za ki tauno ba."

Ta yi dariya, ta miƙa masa kwalin kamar dama ɗan dakonta ne, shi kuwa ya karɓa.

Shekarar Merv saba'in da takwas. Yana saurayi ya tuƙa katafila a aikin dam ɗin, kuma rabin tsofaffin ƙauyen nan da aikin suka yi aure, da shi suka gina gidajensu. Yau za su ɗaga hannu a kan ko ƙauyen zai goyi bayan takardar neman janye ruwan da Glenys za ta kai majalisa. Kowa ya san inda hannuwan za su faɗa. An dai cika zauren ne don a ga idon matar, a kuma sha shayi da kek.

Ƙarfe biyu ta miƙe, ba ta ko taɓa lasifika ba.

"Ban zo in ce kun yi laifi ba," ta ce. "An ce ku gina, kun gina, kuma kun iya gini. Na zo ne in gaya muku abin da ke ƙarƙashin ruwan."

Ta ba su labarin zuwanta tafkin tana da shekara ashirin: tafiyar kwana biyu a ƙasa cikin taɓo, takalmi ya cinye mata dunduniya, sannan ta ɓullo kan farin yashi mai ɗan ja-ja, shimfiɗe iya ganin ido, ruwan kuma kalar shayi. Ta ce yashin yana nan har yau, waɗanda suka leƙa ƙasan ruwan sun gan shi kwance, bai watse ba.

Daga baya Tadek Nowicki ya yi gyaran murya. Shi ne maƙwabcin Merv, kuma ba ya kwana uku bai je kamun kifi a dam ba.

"To Malama, kifina fa? Ko shi ma za ki mayar da shi inda ya fito?"

Aka kwashe da dariya. Ta jira suka gama.

"Kifinka zai ragu, Tadek. Sosai ma. Wutar lantarki ana da wata hanyar samunta, kifinka kuwa ba ni da madadinsa."

Merv ya ɗago kai. Ya sha jin 'yan birni a zauren nan, kowanne sai ya yi alkawarin babu wanda zai rasa komai. Wannan ce ta farko da ta faɗi abin da zai rage mata hannuwa.

Tadek ya miƙe tsaye, yanzu ba wasa a muryarsa.

"Yayana mota ta kife da shi a hanyar dam ɗin nan, yana da shekara ashirin da shida. Ki zubar da ruwan, sai in ce wa 'ya'yansa a kan me ubansu ya mutu?"

Merv ya san marigayin, tare suke cin abincin rana a kan tayar katafila. Ya zuba wa Glenys ido yana jiran irin amsar 'yan siyasa.

"Yaya sunansa?" ta tambaya.

"Janek."

"Ba ni da amsar da zan ba 'ya'yan Janek," ta ce a hankali. "Da ina da ita da na faɗa. Duk da haka ina roƙonku tafkin."

Aka ɗaga hannu. Mutum uku suka goya mata baya, arba'in da ɗaya suka ƙi, har da Merv. Ta gode musu, ta je ta zuba wa kanta shayi, ta yaba kek ɗin har ta nemi sanin wadda ta gasa. Tadek ya wuce ta gabanta, ya taɓa bakin hularsa alamar gaisuwa.

Da mutane suka watse, Merv ya zo naɗe teburinta. Tana mayar da takardu cikin kwali don ta samu motar ƙarfe huɗu da rabi, ita ce ta ƙarshe zuwa Hobart.

"Wannan karo na nawa kenan da aka kayar da ke?"

"Na daina lissafi tun ina da haƙorana duka. Watan gobe ina ƙauyen gaba."

Idonsa ya faɗa kan wata babbar takarda da ba ta kai ga naɗewa ba. Zanen dam ɗin ne, da kibiyoyi masu nuna yadda za a saki ruwan. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya zana miki wannan?"

"Wani injiniya a ƙungiyarmu."

"Bai taɓa taka wurin ba. Nan da ya rubuta dutse, ba dutse ba ne, ƙasa ce muka cika, da hannuna na tura ta. Kika saki ruwa da wannan saurin, gangaren nan zai zaftaro ya binne miki yashin da kike kuka a kai. Sai a hankali, a rage kaɗan kowace shekara, ana dasa ciyawa a baya."

Glenys ta zaro biro daga aljihun rigar sanyinta ta ajiye a kan takardar, ta jawo kujera ta zauna.

"Ba fa na canza ra'ayi ba ne," Merv ya ce. "Ba na son ganin aikin banza ne kawai."

"Na ji."

A waje motar Hobart ta tsaya, ta yi oda sau biyu. Glenys ta dubi taga, ta dubi tsohon da ya riga ya fara jan layi a kan zanen.

"Ƙyale ta," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Zan kai ki gida. Riƙe min gefen nan, takardar tana naɗewa."